Sanin Ciwo Kafin Neman Magani: Ra'ayi a Kan Yawan Tsinkewar Wasannin Kwamfuta

Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wasu daga cikin malamaina, har ma da 'yan'uwana ɗalibai, su yi mamakin ganin batun wasan kwamfuta a wannan mujalla tamu, wadda aka saba cika shafukanta da nazarin waƙa da zube da nahawu da al'ada. Ina roƙon a yi mini uzuri. Duk wanda ya zagaya ɗakunan kwanan ɗalibai bayan sallar isha'i zai tarar da samari sun yi da'ira, sun zuba wa allo ido, ana buga ƙwallo ko ana tseren motoci. Kwamfutar nan kuwa da ake wasa da ita da dare, ita ce dai ake rubuta kundin digiri a kanta da safe. Saboda haka abin da ya taɓa lafiyarta ya taɓa karatu, ya kuma taɓa aljihun iyayen da suka saye ta da gumin goshinsu.

A bara wani abokin zamana ya gamu da irin wannan matsala. Da zarar ya yi kamar minti ashirin yana wasa, sai hoto ya daskare, allo ya yi baƙi, bayan ɗan lokaci ya dawo, amma wasan ya ɓace. Aka taru a kansa, kowa da tasa fatawar. Wani ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga, wani ya ce katin hoto ne ya mutu, wani kuma ya ce a share komai a sake zubi. Shawarar ƙarshe ya ɗauka, aka share, babi biyu na kundinsa suka tafi domin bai ajiye kwafi a wani wuri ba. Washegari ya kunna wasa, minti ashirin na cika allo ya sake yin baƙi. Sai daga baya wani dattijon mai gyara ya kwance bayan na'urar, ya zaro ƙura a dunƙule kamar auduga daga bakin fanka. Tun ranar ba ta ƙara yi ba.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce kare ra'ayoyi guda biyu. Na farko, mafi yawan asarar da ake yi a irin wannan hali gaggawar neman magani ce ke jawo ta, tun ba a san ciwon ba. Na biyu, idan mai kwamfuta ya yi bincike bisa tsari ya sauke nasa nauyin, to sauran laifin na masu ƙera kaya ne da masu shirya wasanni, kuma bai kamata ya ɗauke musu shi ba.

Yadda Hoto Ke Zuwa Kan Allo

Ba za a fahimci dalilin tsinkewa ba sai an san irin aikin da ake yi a bayan allo. Abin da ido ke gani kamar motsi, jerin hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri. Allon da ke da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana ɗauke da ɗigo 2,073,600. Idan wasa yana fitar da hoto 60 a sakan guda, watau ana ƙididdige launin ɗigo sama da miliyan 124 a kowane sakan, kuma kowane hoto bai da fiye da kashi ɗaya cikin sittin na sakan kafin a nemi na bayansa.

Hannaye huɗu ne ke ɗaukar wannan kaya. Akwai wasan kansa, wanda ke faɗin abin da za a zana. Akwai babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ke lissafin inda ɗan wasa yake da inda ƙwallo ta nufa. Akwai katin hoto, wanda ke yin zanen, yana kuma da tasa ma'ajiyar ta musamman inda yake jibge kayan zane. Sannan akwai wata manhaja da ake kira direba, wadda aikinta aikin tafinta ne, tana juya umarnin wasa zuwa yaren da katin yake ji. Dukkansu kuwa a kan wutar lantarki suke, kuma dukkansu zafi na iya gurgunta su. Idan ɗaya ya yi tuntuɓe, kayan duka ne ke zubewa, kuma a wuri guda ake ganin zubewar, watau a kan allo. Wannan shi ya sa cututtuka iri-iri suke zuwa da alama iri ɗaya.

Baƙin allon nan da ke zuwa ya wuce ma yana da tarihi. Tun daga Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a farkon 2007, kamfanin Microsoft ya sanya wani mai gadi a cikin manhajar. Idan aka ba katin hoto aiki ya yi sakan 2 bai amsa ba, sai mai gadin ya ɗauka ya sume, ya sake tayar da direban daga farko. Allo ya yi baƙi ya dawo, wasa kuma ya rasa duk abin da ya ajiye a ma'ajiyar katin, sai ya faɗi. Kafin wannan tsari, irin wannan sumar takan daskarar da kwamfutar gaba ɗaya. Ashe ke nan abin da muke jin haushinsa ceto ne aka yi mana, an sadaukar da wasa domin a tsirar da sauran aiki. Mai gadin dai ya shaida cewa katin bai amsa ba. Bai faɗi abin da ya hana shi amsawa ba.

Saƙon Kuskure Ba Ya Yanke Hukunci

A nan ne mutane da yawa ke ɓata. Da zarar an ga saƙo ya ambaci katin hoto ko direba, sai a ce an kama ɓarawo. Akwai misalai biyu sanannu da ke nuna haɗarin wannan gaggawa.

A farkon 2024 masu wasa a ƙasashe daban-daban suka yi ta kukan cewa wasanninsu na faɗuwa, musamman waɗanda aka gina da Unreal Engine, tare da saƙon da ke cewa ma'ajiyar katin hoto ta cika. Abin mamaki, da yawa daga cikinsu suna da katuna masu tsada waɗanda ma'ajiyarsu ba ta ko kusa cika ba. A watan Afrilu na shekarar kamfanin Nvidia, mai ƙera katunan hoto, ya shawarci masu wannan matsala da su tuntuɓi kamfanin Intel. A watan Yuli kuwa Intel ya amsa cewa wasu daga cikin manyan ƙwaƙwalensa na kwamfutar tebur, jeri na 13 da na 14, suna neman ƙarfin wuta fiye da kima saboda kuskure a umarnin da ke cikinsu, kuma hakan na raunana su. Ya fitar da gyara a watannin Agusta da Satumba, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran yana kare wadda ba ta riga ta lalace ba, wadda ta lalace kuwa sai musanya. A duba a gani: saƙo ya nuna katin hoto da yatsa, alhali ciwon yana jikin babbar ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya gaggauta sayen sabon kati a watannin nan ya zubar da kuɗinsa a banza.

Misali na biyu akasin wannan ne. A watan Yuli na 2021, lokacin da kamfanin Amazon ke gwajin wasansa mai suna New World, wasu katunan RTX 3090 ƙirar kamfanin EVGA suka mutu murus ana cikin wasa. Nan da nan aka yi wa wasan ca, aka ce shi ne makashin katuna. Amazon ya ƙayyade yawan hotunan da wasan ke fitarwa a shafin zaɓi, EVGA kuma ya musanya wa mutane katunansu. Da kamfanin ya binciki waɗanda suka mutu, sai ya bayyana cewa liƙin dalma ne bai yi kyau ba a wani rukuni na katunan. Wasan ya matsa musu ne kawai har aibin ya fito. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Darasin da ke cikin misalan nan ɗalibin adabi ya san shi tun a aji ɗaya. Saƙon kuskure tamkar mai ba da labari ne, abin da ya gani daga inda yake tsaye shi yake faɗa. Ana saurarensa, ana rubuta maganarsa, sannan a nemi wasu shaidu.

Waɗanda Ya Kamata a Fara Tuhuma

Yawancin shawarwarin gyara da ake karantawa an rubuta su ne a ƙasashe masu sanyi da tsayayyar wuta, shi ya sa kusan kullum da direba suke farawa. A ganina mu nan jerin namu dabam ne.

Zafi da ƙura su ne na farko. A watannin Maris da Afrilu zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yakan kai digiri 40 har ya wuce, ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta shige kowace kafa tun daga Disamba. Katin hoto da iskar ɗaki yake sanyaya kansa, idan iskar mai zafi ce kuma hanyarta a toshe, ba shi da mafita. Yawancin katuna sukan fara rage gudu da kansu idan zafinsu ya haura digiri 80 da wani abu, domin su kare kansu. Alamar wannan ciwo ita ce lokaci: wasa ya fara lafiya, fanka ta yi ta ƙara, hoto ya fara tsalle-tsalle, sannan a faɗi bayan minti goma sha biyar ko ashirin. Ɗora kwamfuta a kan katifa ko bargo, wanda al'ada ce a ɗakunanmu, toshe mata hanci ne. Haka kuma man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen da ke janye zafi yakan bushe bayan 'yan shekaru.

Na biyu wuta. Katin hoto yakan ja wuta kaɗan idan ana rubutu, ya ja mai yawa farat ɗaya idan wasa ya yi zafi. Idan akwatin raba wuta na cikin kwamfutar tebur ya tsufa ko ƙarfinsa bai kai ba, ko cajar kwamfutar hannu ba tata ba ce, to a daidai wannan gaɓa ake samun matsala. Alamarta ita ce na'urar ta mutu gaba ɗaya ko ta sake tashi da kanta ba tare da wani saƙo ba. Wutar janareta mai hawa da sauka tana ƙara dagula al'amarin.

Na uku kayan hannu. Akasarinmu kwamfutar da wani ya yi amfani da ita muke saye, ba mu san wahalar da ta sha ba. A watan Satumba na 2022 tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogara da katunan hoto wajen haƙarsa, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya. Ba duka ne suka lalace ba, amma mai saye ya kamata ya gwada kafin ya biya. Idan ma'ajiyar kati ta fara lalacewa, akan ga ɗige-ɗige masu launi ko layuka ko murabba'ai a kan hoto, kuma a kowane wasa ake ganinsu.

Na huɗu direba. Ba a raina shi ba. Takardun Microsoft da suka fito a wata shari'a a Amurka a 2008 sun nuna cewa kusan kashi 29 cikin ɗari na faɗuwar Windows Vista da aka ƙididdige a 2007 daga direbobin Nvidia suka fito. An sami ci gaba mai yawa tun lokacin, amma har yanzu sabon direba kan zo da sabon aibi, tsoho kuma kan kasa fahimtar sabon wasa. Alamar laifinsa ita ce matsalar ta fara ne daidai ranar da aka sabunta shi.

Na biyar shi ne wasan kansa, ko saitin da aka yi masa. Idan aka ce wa kati mai ma'ajiyar gigabait 4 ya ɗauki kayan zanen da suka fi ƙarfinsa, dole ya yi ta kai da kawowa har ya gaji. Kwafin wasa na sata kuma, wanda aka yanke aka matse domin ya yi sauƙin saukewa, sau da yawa da ɓarakarsa yake zuwa, kuma ba ya karɓar facin da masu shi suka fitar.

Hanyar Bincike

Abin da nake kira a gare shi ba ya bukatar digiri a ilimin kwamfuta. Takarda da biro yake bukata, da haƙuri.

Kafin a taɓa komai, a kwafe duk wani aiki mai muhimmanci a ajiye a wani wuri. Da abokina ya yi haka, da labarinsa bai zama abin tausayi ba. Rigakafi ya fi magani.

Daga nan a amsa tambayoyi huɗu a rubuce. Wasa ɗaya ne ke faɗuwa ko duka? A wuri ɗaya yake faɗuwa kullum, ko bayan wani tsawon lokaci? Wasan kaɗai ke ɓacewa, ko kwamfutar ce ke mutuwa? Me aka canja kafin abin ya fara? Amsoshin nan sukan rage waɗanda ake tuhuma da rabi. Wasa ɗaya da ke faɗuwa a wuri ɗaya, wasan ake zargi. Wasanni duka da ke faɗuwa bayan lokaci, zafi ake zargi. Mutuwar na'ura gaba ɗaya, wuta ake zargi.

Sai a nemi shaidar da kwamfutar ta ajiye da kanta. A cikin Windows akwai littafin rajista mai suna Event Viewer, inda ake rubuta abin da ya faru da sa'ar da ya faru. Idan mai gadin nan ne ya sake tayar da direba, za a ga an rubuta shi da lamba 4101. Akwai kuma ƙananan manhajoji na kyauta da ke nuna zafin kati da cikar ma'ajiyarsa ana cikin wasa. Wanda ya ga lambar zafi tana hawa har zuwa lokacin faɗuwa, ya daina tsammani, ya sani.

Bayan wannan a fara gwaji, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, daga na kyauta zuwa na kuɗi. A ɗaga kwamfutar daga katifa a share mata ƙura. A rage saitin hoto, a ƙayyade yawan hotuna a sakan. Idan an taɓa ƙara wa kati ko ma'ajiya gudu fiye da yadda aka ƙera su, a mayar da su yadda suke. A sa dandalin da aka sayi wasan ya binciki fayilolinsa, kamar yadda Steam ke yi. A cire direba gaba ɗaya a zuba wani, akwai manhaja mai suna Display Driver Uninstaller da aka yi domin haka, idan kuma sabo ne ya kawo matsalar a koma wa na baya. A kwamfutar hannu mai katin hoto biyu, ƙarami da babba, a tabbata da babban wasan yake aiki. Idan duk wannan bai yi ba, a gwada ma'ajiyar aiki da manhaja irin MemTest86, ko a ari wani kati a gwada. Sharewa da sake zubi, da sayen sabon kaya, su ne na ƙarshe.

Ka'ida guda ce ke riƙe da wannan duka: abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta sakamako. Wanda ya canja abu biyar tare, ko da ya dace, bai san wanne ya yi aiki ba, ranar da ciwon ya dawo zai koma inda ya fara.

Akwai wata shawara da ke yawo wadda nake ganin ya kamata a guje mata, wato a shiga cikin saitin Windows a tsawaita wa mai gadin nan sakan biyunsa zuwa goma ko fiye. Microsoft da kansa ya bayyana cewa domin gwajin masu shirya manhaja aka yi wannan saiti. Idan zafi ko lalacewa ne ke sumar da kati, tsawaita lokacin daidai yake da a ba maigadi kuɗi ya yi shiru alhali ɓarawo na cikin gida.

Alhakin Kamfanoni

To, idan mutum ya bi duk waɗannan matakai wasa bai daina faɗuwa ba fa? A nan ra'ayina na biyu ya shigo. An saba wa mai saye da ɗaukar kansa a matsayin mai laifi, a ce kwamfutarsa ce ba ta da ƙarfi ko shi ne bai iya ba. Tarihi ya nuna ba kullum haka abin yake ba.

A watan Yuni na 2015 kamfanin Warner Bros. ya fitar da Batman: Arkham Knight. Na kwamfuta ya zo da matsaloli masu yawan gaske har kamfanin ya dakatar da sayar da shi cikin 'yan kwanaki, bai dawo kasuwa ba sai ƙarshen Oktoba, aka kuma yi tayin mayar wa mutane kuɗinsu. A watan Disamba na 2020 kamfanin CD Projekt na ƙasar Polan ya fitar da Cyberpunk 2077, bai fi mako guda da 'yan kai ba Sony ya cire shi daga shagonsa na PlayStation, sai a Yuni 2021 ya mayar da shi. A watan Maris na 2023 The Last of Us Part I ya fito a kwamfuta da yawan faɗuwa da doguwar jira kafin a fara wasa, masu shi suka yi ta fitar da faci bayan faci. A duk waɗannan, babu sharar ƙura ko canjin direba da za ta yi maganin abin, domin aibin daga masana'anta ya fito.

Ɗabi'ar a sayar yau a gyara gobe ta samu gindin zama ne saboda intanet ta sauƙaƙa aika faci. Amma sauƙin na wa ne? Facin da ya kai gigabait goma ko ashirin ba komai ba ne ga wanda ke da intanet marar iyaka a gidansa. Ga ɗalibin da ke sayen data da kuɗin abincinsa kuwa, biya na biyu ne a kan kayan da ya riga ya biya. Tela da ya ɗinka riga hannu ɗaya a gajarce ba ya cewa mai riga ya kawo kuɗin zare kafin a gyara. Saboda haka ina ganin hikima ce a daina rige-rigen sayen wasa ranar fitowarsa, a jira a ji labari. Wanda kuma ya saya, ya san haƙƙinsa: tun 2015 Steam ke mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a yi wasan awa 2 ba.

Abin da Mai Suka Zai Ce

Wani zai ce na yi wa kamfanoni rashin adalci, domin kwamfutoci iri-iri ne ba iyaka, kati kaza da ƙwaƙwalwa kaza da direba kaza, ba mai iya gwada kowane haɗi. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta sa wasa ke fi zama lafiya a na'urorin da aka ƙera domin wasa kaɗai, tun da iri ɗaya ne. Amma uzurin yana aiki ne idan 'yan tsiraru masu baƙon haɗi abin ya shafa. Ba ya aiki idan matsalar ta game jama'a har kamfani ya janye kayansa da hannunsa.

Wani kuma zai ce duk wannan wahala ta mece ce, ai masu gyara na nan. Ban ce a guje su ba, dattijon da ya warkar da kwamfutar abokina mai gyara ne. Sai dai majinyacin da ya iya bayanin ciwonsa ya fi samun maganin da ya dace. Wanda ya je ya ce kwamfutata tana mutuwa, ya bar wa mai gyara lalube. Wanda ya ce tana faɗuwa bayan minti ashirin a kowane wasa, zafin kati kuma yana kai kaza, ya rage masa aiki, ya kuma rage wa kansa kuɗi.

Na ukunsu zai ce ai wasa ne, wanda ya dame shi ya bari. Ba na musun cewa wasan da ya ci lokacin karatu abin ƙi ne. Amma wasa shi ne aiki mafi nauyi da yawancin kwamfutocinmu ke yi, saboda haka shi ke fara tona asirin rauninsu. Kwamfutar da ke faɗuwa yau saboda zafi a wurin wasa, tana iya mutuwa gobe ana tsakiyar rubutun kundi. Jiki magayi ne, na'ura ma haka.

Kammalawa

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye a wannan sashe. Ranar da aka taru a kan kwamfutar abokina, da Hausa aka yi ta muhawara, amma duk wata kalma mai nauyi da Turanci aka faɗe ta, kuma na lura da yawa daga masu faɗar ba su san abin da take nufi ba. Kalmar da ba a fahimta ba takan zama kamar laya, a riƙa maimaita ta ana jiran ta yi aiki. Ina ganin rabin gaggawar da nake kuka da ita daga nan ta samo asali. Ranar da aka ce wa mutum direba tafinta ne tsakanin wasa da kati, ya fahimci dalilin da zai sa tsohon direba ya kasa jin sabon wasa, ba sai an ƙara masa bayani ba. Kalmomin da na yi amfani da su a nan, irin su katin hoto da babbar ƙwaƙwalwa da ma'ajiya da faci, ban ce su ne mafi dacewa ba. Na ajiye su ne gaban malamaina da 'yan'uwana domin a gyara, a rage, a ƙara. Harshen da ya samar wa mota da rediyo da keken ɗinki kalmomi ba zai gaza a kan kwamfuta ba, matuƙar masu nazarinsa sun ɗauki aikin a matsayin nasu.

Ga wanda wasansa ke faɗuwa kuwa, shawarata ba ta da tsawo. Ya ajiye kwafin aikinsa, ya ɗauki takarda ya rubuta abin da ya gani, ya canja abu ɗaya ya gwada, kada ya fitar da kuɗi sai shaida ta nuna masa inda zai sa su. Idan shaidar ta nuna ƙura ce, ya share. Idan ta nuna kamfani ne, ya nemi haƙƙinsa. Allah ya sa mu dace, amin.